Lambar da ke jikin famfon giya a Ingila, da 'yar ledar da ke tashar motarmu

Na san tun kafin a gama karanta kan rubutun nan akwai wanda zai ce to shi kuma wannan me ya haɗa shi da zancen giya, duk matsalolin duniyar nan bai ga na rubutawa ba sai mashaya? To bari in fara sauke wannan. Ni Musulmi ne, ba na sha, kuma hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya rufe ƙofar tun tuni, duk abin da mai yawansa ke bugarwa to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Amma haramcinta bai hana ta zama a garuruwanmu ba, bai hana direban da ka shiga motarsa daga Jos zuwa Abuja kurɓar giyar 'yar leda kafin ya tada mota ba, kuma ba duk mai jin Hausa ne Musulmi ba, muna da 'yan uwa da maƙwabta da addininsu bai hana su ba. In hanta ta lalace asibiti ɗaya ake kai mu, in mota ta ƙwace titi ɗaya muke bi. Shi ya sa nake ganin maganar ƙarfin abin da ake sha magana ce da ta shafi har wanda bai taɓa ɗanɗanawa ba.

A nan Ingila inda nake aiki, mashaya wuri ne da kusan komai na zaman jama'a ke ƙarewa a can, an tashi aiki ranar Juma'a can za a je, wani zai bar aiki can za a yi masa bankwana, an dawo daga binne mamaci ma sau da yawa can ake taruwa. Mutum zai je gaban kanta ya tarar da famfuna a jere, kowane famfo da ɗan allo a goshinsa ɗauke da sunan giyar, sannan a ƙasan sunan akwai lamba, wata 3.4, wata 4.2, wata 5, wata ma har 6.5 ko fiye. Lambar nan ita ce kason sinadarin da ke bugarwa a cikin ɗari na ruwan da za a zuba maka. Kuma abin da na lura da shi a wajen abokan aiki shi ne da yawansu lambar suke fara dubawa kafin sunan. Zaka ji mutum ya ce yau da mota na zo, ko gobe da sassafe zan shiga aiki, a ba ni wadda ba ta kai huɗu ba. Wani kuma ya ce ai yau zama ne mai tsawo, akwai ƙwallo, in na fara da mai shida ba zan kai ƙarshen wasa ba. Suna ma da wadda suka ware a matsayin giyar dogon zama, mai rauni, wadda za a ɗauki awowi ana hira a kanta. Ga kuma al'adarsu ta zagaye, mutum biyar a tebur, wannan ya sayo wa kowa, in an shanye na gaba ya tashi ya sayo, haka har a zagayo, ka ga ke nan wanda ya zauna a wannan tebur kofi biyar ne a gabansa ko yana so ko ba ya so, don kunya ba za ta bar shi ya zame ba. Abin da kawai ya rage a hannunsa shi ne ya zaɓi mai rauni ko mai ƙarfi.

Kuma bambancin ba ƙarami ba ne kamar yadda ido ke gani. Babban kofin da suke sha da shi, fayint, mililita 568 ne. Hukumomin lafiyarsu suna auna giya da abin da suke kira yunit, yunit ɗaya mililita 10 ne na tsantsar sinadarin, kuma tun 2016 shawarar da manyan likitocin gwamnati suka bayar ita ce kar namiji ko mace su wuce yunit 14 a sati. Fayint ɗaya na mai 3.4 bai cika yunit 2 ba, na mai 4 yunit 2.3 ne, na mai 5.2 kuwa ya kusa 3. To ka lissafa kofi biyar ɗin can na zagaye, mai shan 3.4 ya tashi da ƙasa da yunit 10, mai shan 5.2 ya tashi da kusan 15, wato a dare ɗaya ya wuce na sati guda, alhali tare suka zauna tare suka tashi, kuma in ka tambaye su kowa zai ce maka biyar na sha. Hanta kuwa wajen yunit ɗaya take iya narkarwa a awa guda, ba ta da hanyar yin sauri, ko ka sha gahawa mai ɗaci ko ka watsa ruwan sanyi, shi ya sa ake kama mutane da safe a hanyar zuwa aiki da giyar jiya a jininsu.

Inda maganar ta fi ja hankalina shi ne abin da gwamnati ta yi da lambar nan. Ranar 1 ga Agusta 2023 Birtaniya ta sauya tsarin harajin barasa gaba ɗaya, sauyin da Rishi Sunak ya sanar tun 2021 yana ministan kuɗi, shi kansa kuma ba ya shan giya. Aka ce daga yanzu kowane irin abin sha, giya ce ko ruwan inabi ko wiski, a kan yawan tsantsar sinadarin da ke ciki za a caje shi, kuma kuɗin kowace lita yana hawa ne mataki mataki gwargwadon ƙarfi. A farkon tsarin, giyar kwalba ko gwangwani da ba ta kai 3.5 ba tana biyan fam 9.27 a kan kowace lita ta tsantsar sinadarin, da zarar ta taɓa 3.5 sai ya koma fam 21.01, in ta kai 8.5 kuma fam 28.50. Ta famfo da ake zubawa a mashaya aka yi mata ɗan sassauci, fam 8.42 da fam 19.08, don a taimaki mashayu a kan manyan kantunan da ke sayar da katan katan da araha. In ka buga lissafin a fayint ɗaya na famfo, mai 3.4 harajinta wajen feni 16 ne (feni ɗari ne fam ɗaya), mai 3.8 wajen feni 41, mai 5 wajen feni 54. Dubi tazarar da ke tsakanin 3.4 da 3.8 fa, ɗan abin da harshe ma da ƙyar zai bambance, amma haraji ya ninka fiye da biyu.

Me kake tsammani kamfanoni za su yi? Carlsberg ta sauko daga 3.8 zuwa 3.4. John Smith's ta sauko daga 3.6 zuwa 3.4. Foster's ta bar 4 ta koma 3.7, Spitfire ta bar 4.5 ta koma 4.2, Old Speckled Hen ta kwalba ta bar 5 ta koma 4.8. Masu sha suka yi ta ƙorafi, kuma gaskiya ƙorafinsu yana da tushe, don an rage ƙarfi amma kuɗin kofi bai sauko ba, ribar harajin ta tsaya a aljihun kamfani, wasu kamfanonin ma ba su yi wata sanarwa ba sai dai mutum ya ga lamba ta canza a jikin gwangwani. Wannan ɓangaren ban goyi bayansa ba ko kaɗan, ciniki ko na mene ne bai kamata a yi shi da ɓoye ɓoye ba. Akwai ma abin da ya fito a kotun haraji a 2017, inda aka gano Carling da aka rubuta mata 4 a jiki a kan 3.7 ake haɗa ta tun 2012, kamfanin ya kare kansa da cewa doka ta yarda da ɗan bambancin rabin kaso tsakanin abin da aka rubuta da abin da ke ciki, kuma ya ci shari'ar. To in har lamba ce mutane ke dogaro da ita su yanke shawarar ko za su iya tuƙi, ai bai dace a bar irin wannan gibin ba ko da ta wajen ragi ne, don gibin da ya ba da damar ragi shi ne zai ba da damar ƙari.

Amma duk da haka ni dai ina ganin tsarin daidai ne, kuma dalilina ɗaya ne. Mutumin da ke shan Carlsberg biyar duk Juma'a bai daina ba, bai rage kofi ba, ba wanda ya yi masa wa'azi ya ji, amma abin da ke shiga hantarsa ya ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari ba tare da ya yi wani yunƙuri ba. Ka ninka wannan da miliyoyin mutane. Ƙasar da a 2023 kaɗai mutum 10,473 suka mutu da cututtukan da giya ce kai tsaye ta jawo su, adadi mafi yawa da hukumar ƙididdigarsu ta taɓa rubutawa har zuwa lokacin, ba ta da damar raina ragin kashi 10. Duk wanda ya taɓa ganin mai ciwon hanta a matakin ƙarshe, ciki ya kumbura, ido ya yi rawaya, ƙafa ta haye, iyali na zaune a gefen gado ba abin da za su iya, ya san cewa ko mutum ɗaya aka cire daga wannan layin an yi aiki.

Kuma ba yau suka fara ba. Lokacin yaƙin duniya na farko, Lloyd George, ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, ya fito a 1915 ya ce abokan gabarsu uku ne, Jamus da Ostiriya da giya, kuma giyar ce ta fi haɗari, saboda ma'aikatan masana'antar makamai suna kwana a buge. Aka rage awowin buɗe mashaya, aka hana saya wa wani giya, wato zagayen nan da na faɗa ya zama laifi a wurare da dama, aka tsuke haraji da kayan haɗi har giyar ta yi rauni sosai, a garin Carlisle ma gwamnati ce ta karɓe kamfanonin giya da mashayu da kanta daga 1916 har zuwa farkon shekarun 1970. Giyar Ingila ba ta sake komawa ƙarfinta na kafin yaƙin ba, abin da mutanen yau ke ɗauka al'adar kakanni ce, wato zama a sha mai rauni ana hira, da hannun hukuma a ciki dumu dumu. Sukotland kuma ta bi ta wata hanyar, ta ce ba za a sayar da yunit ɗaya ƙasa da feni 50 ba, majalisarsu ta yi dokar tun 2012, ƙungiyar masu wiski ta ja su kotu har zuwa kotun ƙoli, sai a Nuwamba 2017 aka gama, doka ta fara aiki a Mayu 2018, a ƙarshen Satumba 2024 aka ɗaga zuwa feni 65. Binciken hukumar lafiyarsu da ya fito a 2023 ya ƙiyasta mutuwar da giya ke jawowa kai tsaye ta ragu da kashi 13.4 idan aka kwatanta da yadda za ta kasance ba don dokar ba, kuma ragin ya fi yawa a unguwannin talakawa. Dokar ba ta ma taɓa kuɗin kofi a mashaya ba don can dama ya fi haka tsada, waɗanda ta kama su ne manyan robobin nan masu ƙarfi masu araha da ake saya a kanti a je a sha a ɗaki.

Na san abin da za a ce, ai in an rage ƙarfi mutum ƙara kofi zai yi. Akwai masu yin haka, musamman wanda abin ya riga ya kama, shi buguwar yake nema, in bai samu a nan ba zai nemo ta a can, wani ma ya rage cefanen gida don ya saya, kuma irin wannan magani da kulawa yake buƙata, haraji ba zai warkar da shi ba. Amma yawancin masu zuwa mashaya lokaci ne da aljihu da cikinsu ke tsayar da su, ciki yana da iyakar ruwan da zai ɗauka, mashaya tana da lokacin rufewa, jirgin ƙasa na ƙarshe yana da lokacin tashi. Wani kuma zai ce, kai da kake Musulmi ai yarda da mai rauni kamar halatta ta ne. A'a. Ni ban ce kowa ya sha ba, hukumar lafiya ta duniya ma ta faɗa a Janairu 2023 cewa babu wani adadin giya da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Abin da nake cewa shi ne in gobara ta riga ta kama gida, wanda ya janye jarkar fetur daga kusa da ita ya yi abin kirki ko da bai kashe wutar ba.

Wani ɗan abu ga 'yan uwa Musulmi da ke nan, tunda yanzu kusan kowace mashaya tana da wadda ake cewa babu sinadari, su Guinness 0.0 da Heineken 0.0, kuma abokan aiki da kyakkyawar niyya za su miƙo maka su ce wannan ba komai a ciki. A duba jikin kwalbar da kyau, akwai mai 0.0, akwai mai 0.5, akwai wadda ake kira mai rauni da ke kaiwa har 1.2, duk a layi ɗaya ake jera su a firji. Malamai sun yi magana a kan wannan kuma ba bakinsu ɗaya ba, har da batun zama a teburin da ake sha ɗin kansa, kowa ya tambayi malamin da ya yarda da shi. Ni dai lemo ya ishe ni.

To yanzu mu dawo gida, don akwai igiyar da ta haɗa mu da wannan zancen kai tsaye. Guinness ɗin da ake zubawa a famfo a Landan ko Dublin wajen 4.2 ce. Wadda ake yi a Ikeja, masana'antar da aka buɗe a farkon shekarun 1960, ta farko da kamfanin ya gina a wajen Ailan da Birtaniya, 7.5 ce, har shigo da ita ake yi nan ana sayarwa a shagunan 'yan Afirka. Babbar kwalbarmu santilita 60 ce, ka buga lissafi, kwalba ɗaya yunit 4.5 ke nan, kusan fayint biyu na ta Landan. Star da Gulder sun ɗan haura 5, kwalba ɗaya yunit 3. Mutum zai zauna a Sabon Gari ko a mami ta bariki ya ce ai Guinness kwalba uku kawai na sha, bai san ya kusa cinye abin da likitocin Ingila suka ce na sati guda ne ba, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa, lambar tana nan a jikin takardar kwalba da ƙananan haruffa amma ba a koya wa kowa karanta ta ba. Burkutu da fito kuwa babu ma lamba, ƙarfinsu ya danganta da hannun mai dafawa da kwanan da suka yi. Ogogoro ya fi muni don wani lokacin har da gubar metanol a ciki, a 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, wasu gommai kuma a jihar Ribas.

Harajinmu kuma a kife yake. A tsarin da gwamnatin Buhari ta fara aiki da shi a Yuni 2018, a kan yawan ruwan ake caji, giya kwabo 30 kowace santilita, ya koma kwabo 35 a 2019 da 2020, masu zafi irin su jin da wiski kuma naira 1.50, ya hau zuwa naira 2 a 2020. A ido kamar masu zafin sun fi shan haraji, amma raba shi da ƙarfin ka gani. Giya mai 5 tana biyan naira 7 a kan kowace santilita ta tsantsar sinadarin, mai 7.5 ba ta kai naira 5 ba, jin mai 40 kuma naira 5. Wato wanda ya fi rauni shi ya fi biya. An sake taɓa kuɗaɗen daga baya an haɗa da kaso na farashin kaya, amma har yanzu giya mai 5 da mai 7.5 layi ɗaya suke, babu abin da zai sa kamfani ya ga riba a rage ƙarfi.

Sai 'yar leda, wadda ita ce ta sa na zauna rubutun nan. A Ingila in kana son mai ƙarfi sai ka ƙara kuɗi, a wajenmu mafi ƙarfi ita ce mafi araha, ita ce mafi sauƙin ɓoyewa, tana shiga aljihun ɗan makaranta, tana shiga aljihun ɗan acaba da kwandasta, ana rataye ta a tasha kusa da biskit da ruwan leda, wata ma da sunan maganin basir ko ciwon baya ake sayar da ita, mutum ya sha yana ganin magani ya sha. Abin da ke ciki kashi 30 ne ko fiye, ninki shida na giyar kwalba. Hisba a Kano tana tara kwalabe ta bi ta kansu da mota a gaban kyamara, kwalba ai ana ganinta, mota guda ake kamawa, amma leda fa? Hukumar NAFDAC ta zauna da masu masana'antun tun Disamba 2018 aka sa hannu cewa za a daina yin ta leda da ƙananan robobin da ba su kai mililita 200 ba nan da ƙarshen Janairu 2024, shekara biyar cur aka ba su su shirya. Da lokaci ya yi shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta fara aiwatarwa, sai ga zanga zanga, sai ga majalisar wakilai ta ce a dakata, ana cewa mutane za su rasa aiki, aka ɗage zuwa ƙarshen Disamba 2025. Ban raina maganar aiki ba wallahi, na san abin da rasa albashi ke nufi a Najeriyar yau, amma kamfanin da aka ba shekara biyar bai canza injinsa ba, bai kamata ya turo leburorinsa gaba su zama garkuwa ba.

Abin da nake so 'yan majalisarmu na Arewa su gane, Musulminsu da Kiristansu, shi ne kau da kai daga zancen don kar a ce sun taɓa maganar giya bai hana yaran mazaɓunsu sha ba. In dokar kuɗi ta zo gabansu su nemi a ɗora harajin a kan tsantsar sinadarin, mai ƙarfi ta fi tsada, a tilasta rubuta lambar da manyan haruffa a gaban kwalba tare da yawan abin da ke cikinta gaba ɗaya, a tsaya wa NAFDAC a kan leda kar a sake ɗagewa, sannan jami'an kiyaye haɗurra na FRSC a ba su na'urar busawa isassu su tsaya da ita a bakin tasha tun kafin mota ta ɗau fasinja, don doka ta sa wa direba a Najeriya iyakar giyar da za a samu a jininsa, amma direbobi nawa ne aka taɓa sa su busa kafin su fita daga tashar Mando ko ta Unguwa Uku?